Mataccen Dayod ɗin da Ka Miƙa wa 'Yarka

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran Evaristo Chisenga a gadon asibiti a nan Kitwe, bayan ciwon ƙoda ya daɗe yana cinsa. Da ƙasa aka yi mu, ita ce kuma ke jiranmu, babba da yaro. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa cikin sanyin nan mai fasa leɓe, kuma tun da na dawo daga maƙabarta ban sami sukuni ba sai da na zauna rubuta wannan.

Ba Chisenga, kamar yadda muke kiran babba da girmamawa a nan, ni ce Esnart Shawa, wadda ta koyar da lissafi a ajin da ke jikin ɗakin gwajinka tun muna da baƙin gashi har muka yi furfura. Kai ɗan ƙabilar Bemba ne, ni 'yar lardin Gabas, saboda haka wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni. Ka kira ni mai cin ɓera, in kira ka mai cin biri, in kuma ɗayanmu ya mutu, ɗayan ke da ikon tsayawa a kan gawa ya faɗi son ransa, babu mai cewa uffan. Na yi nawa aikin a gidan makoki. Na baɗe 'yan'uwanka da garin masara, na ce musu birai sun huta, aka yi dariya kamar yadda ake so. Amma akwai maganar da ba ta wasa ba, kuma da wannan ikon zan faɗa maka ita, tunda lokacin da kake raye ba ka taɓa bari na kai ƙarshenta ba. Maganar 'yarka ce, Nsofwa, wadda duk garin nan ke kiranka da sunanta, Bashi Nsofwa, wato baban Nsofwa, wadda kuma har ka rufe ido ba ta sake taka ƙofarka ba.

Bari in fara da alherinka, don kada a ce na ci amanar mamaci. A shekarun da kwaleji ba ta iya sayen ko da guntun waya, kai ne kake zagaya kasuwa ranar Asabar kana kwaso matattun rediyo da talabijin, ka zauna kana ciro musu 'yan hanji ɗaya bayan ɗaya don ɗalibai su sami abin taɓawa da hannunsu. Babu wata gwauruwa a unguwarku da ba ka gyara wa rediyo ba, ba ka kuma taɓa yarda an yi maka godiya mai tsawo ba. Na sha ganin ka tura wa ɗalibin da ya wuni da yunwa kwanon tuwon masararka da 'yan kifin kapenta, kana harararsa kamar shi ya yi maka laifi. Haka kyautarka take, ba ta zuwa da fara'a, amma tana zuwa. Wannan duk gaskiya ne, kuma zan faɗe shi a gaban kowa.

Wanda bai shiga ɗakin gwajinka ba ba zai gane abin da ake tsoro a ciki ba. Dayod ɗan mitsitsin abu ne, bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, da ƙafafun waya biyu da zobe a gefe ɗaya. Aikinsa ya bar wuta ta wuce ta fuska ɗaya, ya tare ta in ta biyo ta ɗayar. Ɗalibi zai haɗa shi da razista don kada wuta ta ƙone shi, ya sa mita ɗaya ta auna ƙarfin wutar da ke kansa, ɗaya kuma ta auna yawan wadda ke ratsa shi. Sai ya riƙa murɗa maɓalli a hankali yana rubuta abin da alluran suka nuna. Da farko allura ta biyu ba ta motsi. Sai an haura rabin bolt, an doshi bakwai cikin goma, sannan ta zabura, zanen da ɗalibi ke yi a takarda ya lanƙwashe ya miƙe sama. Wannan lanƙwasar muke kira gwiwa. Daga nan a juya dayod ɗin, a sake murɗawa, a ga allura ta kwanta kamar ba a kunna komai ba. Iyakar gwajin ke nan. Zanen yana cikin kowane littafi, kowane ɗalibi kuma ya haddace shi tun kafin ya taɓa waya.

Ka san malalaci ba ya buƙatar mita kafin ya zana gwiwa, shi ya sa ka ƙirƙiro gwangwaninka. Tsohon gwangwanin madara ne cike da dayod, a cikinsu kuma akwai waɗanda kai da kanka ka kashe. Kakan cire razista ka sakar musu wuta har cikinsu ya tsinke, ka zaɓi waɗanda fatarsu ba ta nuna ƙuna ba ka mayar cikin masu rai. Ɗalibai suna kiransu gawarwaki. Ranar jarrabawa kowa ya zura hannu ya ɗauki rabonsa. Wanda ya ɗauki gawa, allurarsa ba za ta motsa ba ko zai murɗa har gobe. In ya rubuta sifili daga sama har ƙasa, ya zo ya ce, "Malam, wannan matacce ne," ka ba shi makinsa cikakke. In kuwa ya kawo maka kyakkyawar gwiwa, ya shiga uku.

Na taɓa ce maka, "Mai cin biri, wannan ba jarrabawa ba ce, farauta ce."

Ka ce, "Mai cin ɓera, ke lissafinki in ya karkace, allo kawai za a goge. Waɗannan yaran ƙarƙashin ƙasa za su, ramin jan ƙarfe. Ranar da ɗayansu ya rubuta abin da bai gani ba, wata mata za ta sa baƙin kaya."

Ban yi maka musu ba, yau ma ba na yi. Ɗalibanka da ke aiki a ma'adinai sun zo jana'izarka mota-mota, manya da su, wasu da sanƙo, kowannensu yana faɗin yadda har yanzu yake jin muryarka a ƙeyarsa in ya ɗauki mita. Ka yi aikinka. Da a nan ka tsaya, da wannan takarda yabo ce daga farko har ƙarshe.

Nsofwa ce kaɗai ta rayu cikin 'ya'yan da matarka, Bana Nsofwa, wato maman Nsofwa, ta haifa. A gindin teburin aikinka ta tashi. Ta iya karanta launukan jikin razista tun ba ta iya rubuta sunanta ba, kuma kai ne kake ɗauko ta a kafaɗa ka kawo ta ofis ka ce mu gwada ta. Da ta girma ta shigo sashenmu da ƙoƙarin kanta, babu wanda ya ɗaga mata ƙafa, ni shaida ce don ni na duba lissafinta. Amma bakin mutane ba ya zama haka kawai. Aka fara raɗa, 'yar malam ce, me zai hana ta ci. Ita ko a jikinta. Kai ne maganar ta shiga ta zauna maka kamar ƙaya a tafin ƙafa, ka daina gaishe ta a baranda, ka daina ɗaukar ta a motarka da safe. Ta yi haƙuri da duk wannan, tana cewa ai Baba haka yake.

Ni aka sa in taya ka sa ido a jarrabawar ƙarshen shekararsu ta farko, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Ɗalibai suka yi layi, kowa na zura hannu a gwangwani. Da layi ya zo kanta ta miƙa hannu, sai ka janye gwangwanin gefe. Ka sa yatsu a aljihun rigarka, ka ciro dayod guda, ka ajiye mata a tafin hannu ka ce, "Ungo naki." Ta dube ka ta yi murmushi. Wata da watanni ba ka yi mata magana a kwaleji ba, yau ga shi ka ware mata abu daga aljihunka. Na ga wannan murmushin, Ba Chisenga, kai ma ka gan shi.

Ta haɗa wayoyinta, ta murɗa, allura ba ta motsa ba. Ta warware ta sake haɗawa. Ta canja waya, ta canja mita, ta canja razista, ta juya dayod ɗin ta sake juyo shi. Ana sanyi, ita gumi take yi. Na kusa da ita duk sun kai gwiwa sun fara tattara kaya. Kai kuwa kana tsaye jikin taga, hannu a baya, kana kallon waje. Da aka ce lokaci ya kusa, na ga ta sunkuya ta fara rubutu da sauri.

Daga baya, a ɗakina, ta ce min, "Mama Esnart, na san da gawarwaki, wa bai sani ba? Da daga gwangwani na ɗauka, wallahi da tuni na ce matacce ne. Amma wannan daga aljihun Baba ya fito. Na ce ai mai kyau ya zaɓo min, ni ce na kasa. Kunya ta kama ni, a ce 'yar Chisenga ta kasa haɗa 'yan wayoyi."

Ba ka jira an watse ba. Ka hana kowa fita, ka ɗauki takardarta ka ɗaga, ka ce a zo a ga gwiwar da ta fi ta littafi kyau. Ka ɗauko dayod ɗinta ka haɗa a babbar mitar da ke gaban aji, wadda ake gani daga kujerar ƙarshe, ka tsayar da ita a gefe ka miƙa mata takardar. Ka murɗa kaɗan ka ce, "Karanta abin da kika samu a nan." Ta karanta. Allura na kwance. Ka ƙara murɗawa ka ce, "Karanta." Haka ka bi da ita layi bayan layi, tana faɗin lambobi, allura ba ta ko gezau. Ba ka tsallake mata layi ko ɗaya ba. Da ta kasa ci gaba ta ce a hankali, "Baba."

Ka ce, "Babu Baba a ɗakin nan. Karanta."

Dokar kwaleji ta ce wanda ya ƙirƙiri sakamako a kore shi, amma kowa ya san ba a taɓa korar ɗalibi a kan gwangwaninka ba. Maimaita shekara ake sa su, kuma kai kanka kake sa hannu. Shugaban sashe ya ce a yi mata kamar yadda aka saba. Kai ka miƙe a gaban kwamiti ka ce a bi doka yadda aka rubuta ta, don in an bar ta gobe za a ce saboda 'yarka ce. Na tare ka a baranda na ce, "Bashi Nsofwa, ka ji tsoron Allah. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ka ce, "Likitoci kullum yankewa suke yi."

Ga maganar da ba ka taɓa bari na ƙarasa ba. Yarinyar ta yi laifi, ita ma ba ta taɓa musawa ba. Amma sauran ɗalibai sa'arsu suke gwadawa a gwangwani, ita kuwa kai ka zaɓa mata, ka kuma zaɓi hanyar da ka san za ta rufe mata ido. Ka san da wa ta yarda a duniya, da wannan yardar ka ɗana mata tarko. Ba gaskiya kake karewa ba ranar nan, sunanka kake wankewa, da 'yarka kuma ka wanke shi. An daina raɗa kuwa. Har ka yi ritaya ana ba sababbin ɗalibai labarin malamin da ya kori 'yar cikinsa, kuma na lura ba ka taɓa hana a ba da shi ba.

Ta tafi Lusaka, ta kama sayar da gwanjo a kasuwa. Ta yi aure ba ka je ba, don ba a gayyace ka ba. Ta haifi 'ya'ya, ka san su a hoton da Bana Nsofwa ke ɓoyewa a cikin littafin waƙoƙin coci. Baiwar Allah nan ta tsufa a kan hanya, ita kaɗai a mota, tana kai wa 'yarta gyaɗa da busasshen kifi, tana dawowa ta tarar da kai ba ka tambaye ta komai ba. Duk wanda ya kira ka Bashi Nsofwa kana amsawa, kamar sunan bai yi maka nauyi ba.

Sai da ciwo ya kwantar da kai na ga inda ya yi maka nauyi. Ka rame har agogonka na zamewa zuwa gwiwar hannu, kuma duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai idonka ya riga kowa zuwa can. Ba ka iya tambaya kai tsaye. Sai dai ka ce, "Motocin Lusaka suna shigowa kuwa? An ce hanya ta lalace." Na gaji da wannan, na fita na kira ta.

Ta ce, "Mama, ni ban ce ban yi laifi ba. Na zana abin da ban gani ba, kuma na biya. Abu ɗaya nake so. Ya faɗa da bakinsa cewa bai kamata ya ba ni na aljihunsa ba. In ya faɗa, yau ɗin nan zan hau mota, in zo da yaran."

Na kawo maka saƙon yadda aka ba ni. Bana Nsofwa ta kama ƙafafunka tana kuka tana cewa, "Faɗa mana, Bashi Nsofwa, magana ce fa kawai, ni na roƙe ka." Na ga leɓenka na motsi, na matso da kunnena, har na fara gode wa Allah a zuciyata.

Ka ce, "Ki gaya mata na yafe mata."

Na ce, "Mai cin biri, ba wannan aka aiko ni in karɓa ba."

Ka ce, "Shi nake da shi."

Na kai mata shi kamar yadda ka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ina jin hayaniyar masu ciniki a bayanta. Can ta ce, "To, na gode, Mama," ta kashe wayar. Ka ci gaba da kallon ƙofa har ranar Laraba.

Ta iso gidan makoki ranar Juma'a da yamma, ita kaɗai, ba yara. Ta ɗaura zane ta zauna cikin mata, ta rungume uwarta, ta ɗebo ruwa, ta tuƙa tuwo tare da kowa. Ba ta yi kuka ba, amma 'yan'uwanka suka ce ai zuwan ma ya isa, jini ba ya ƙarya, gobe a bakin kabari zuciyarta za ta karye. Ni ma na sa rai, don komai taurin kanka ina so a ce 'yarka ta tsaya a kanka a matsayin 'ya ko da sau ɗaya.

Bayan an tara ƙasa, aka miƙa min aikin kiran masu ajiye furanni, kowane rukuni da lokacinsa. Na kira matar mamaci, aka riƙo Bana Nsofwa ta ajiye nata. Na ce, "'Ya'yan mamaci." Wata yarinya daga coci ta ɗago furen da aka tanada, babba, tana neman wanda za ta miƙa wa. Nsofwa na zaune a kan tabarma, hannuwanta a cinya, tana kallona. Na sake kira. Gwaggonta ta zungure ta, ta raɗa mata magana, ba ta motsa ba. Jama'a suka fara kallon ƙasa. Yarinyar ta gaji da riƙo ta ajiye furen a gefen hanya, ni kuma na wuce zuwa 'yan'uwa, da dattawan coci, da malaman kwaleji. Da na ce, "Ɗaliban da suka bi ta hannunsa," rabin maƙabartar ya miƙe. Na dube ta ta tsakanin kafaɗun mutane ko a nan za ta tashi. Tana nan zaune.

Sai na kira na ƙarshe, wanda ake kira don kada a bar kowa: "Sauran jama'a, duk wanda ya rage." A nan ta miƙe. Ta kakkaɓe zaninta, ta shiga layi bayan maƙwabta da matan kasuwa da direban motar gawa, ta zari fure ƙwaya ɗaya daga bokitin da kowa ke ɗiba. Ta jira har layi ya zo kanta, ta soka shi a ƙasa, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa dattijon da aka taɓa jin sunansa, ta wuce. Uwarta ta saki wata ƙara da ban ji ta yi irinta ba ko lokacin da aka sauke akwatinka.

Allah ya jiƙanka, Evaristo Chisenga. Ya dubi yunwar da ka kashe wa 'ya'yan mutane da rayukan da horonka ya tsare a ƙarƙashin ƙasa, ya yi maka sassaucin da kai ba ka iya yi ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bana Nsofwa, Allah ya ba ta haƙuri, ya saka mata wahalar da ta sha tsakanin mutum biyu. Ina yi wa 'yan'uwanka, da cocinku, da malaman sashenmu, da ɗalibanka na nesa da na kusa. Allah ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Nsofwa kuwa ban sami yi mata ta'aziyya ba. Na nufe ta a bakin ƙofar maƙabarta ina haɗa kalmomi a bakina, sai ta riga ni. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta rusuna, ta ce, "Mama Esnart, sannu da aiki. Kin yi rashin abokin wasa. Allah ya ba ki haƙuri."